Dokar Hana Ƙarin Kuɗin Haya a Berlin: Wa Ta Ceta, Wa Ta Bari a Waje?

Ranar 15 ga Afrilun 2021 kotun tsarin mulkin Jamus da ke Karlsruhe ta soke dokar da gwamnatin Berlin ta kafa don hana ƙarin kuɗin haya, ta kuma ce sokewar ta fara ne tun daga ranar da aka kafa ta, wato kamar ba a taɓa yin ta ba. Da yammacin ranar dubban 'yan haya suka taru a dandalin Hermannplatz da ke unguwar Neukölln, da yawansu kowa da murfin tukunyarsa yana bugawa, don dama sunan da ake kiran dokar da shi ke nan, Mietendeckel, murfin haya. Ba ta cika wata 14 tana aiki ba. Amma a ɗan wannan tsakanin ta fito da kusan duk abin da ake jayayya a kai game da haya: wa ke yanke farashin gida, yaushe ƙari ke zama zalunci, kuma idan hukuma ta sa hannu, a kan wa nauyin ke faɗawa.

Berlin birni ne, kuma jiha ce mai cin gashin kanta a cikin jihohin Jamus 16, da majalisarta da gwamnatinta. Mutanenta sun kai kusan miliyan 3.7, kuma a cikin kowane gida biyar, fiye da huɗu na haya ne. Idan an ce gida a nan, galibi sashe ne a cikin bene mai hawa huɗu ko biyar, ana biyan kuɗinsa wata-wata, ana lissafa shi da murabba'in mita. Likita ɗan haya ne, direban bas ɗan haya ne, ɗan majalisa ma haka. Shi ya sa maganar haya a can ba kukan talaka kaɗai ba ce, magana ce da ke iya kayar da gwamnati.

Yadda birnin ya sayar da gidajensa

Bayan rushewar katangar Berlin a 1989 an yi zaton birnin zai cika ya batse. Bai cika ba. Masana'antu suka rufe, masu hali suka koma bayan gari, aka wayi gari a farkon shekarun 2000 gidaje na zaune babu kowa, haya kuwa ta yi arha fiye da ta sauran manyan biranen Turai. Ga bashi ya yi wa gwamnati katutu, musamman bayan badaƙalar bankin jihar a 2001. Magajin garin lokacin, Klaus Wowereit, da kansa yake cewa birninsa matalauci ne amma mai ban sha'awa.

A cikin wannan hali ne, a 2004, gwamnatin haɗin gwiwa ta jam'iyyun SPD da PDS ta sayar da GSW, kamfanin gidaje mallakar jihar mai gida wajen 65,000, ga masu zuba jari na Amurka, Cerberus da Goldman Sachs. Sun biya Yuro miliyan 405, suka kuma ɗauki bashin kamfanin na fiye da biliyan ɗaya da rabi. In aka haɗa aka raba, kowane gida ya tashi a kan wajen Yuro 30,000. Jam'iyyun da suka sa hannu a wannan ciniki 'yan ra'ayin talakawa ne, kuma su ne, ko magadansu, suka dawo bayan shekara 15 da dokar hana ƙari. A 2013 gidajen GSW suka koma hannun kamfanin Deutsche Wohnen, wanda ya zama babban mai gidajen haya mai zaman kansa a birnin, da gida fiye da 100,000.

A 2019 jihar ta dawo tana sayen abin da ta sayar. Ta biya Yuro miliyan 920 don ta karɓo gida kusan 6,000 daga cikin tsofaffin gidajen GSW a unguwannin Spandau da Reinickendorf. Kowane gida ya haura Yuro 150,000, ninki biyar na kuɗin da aka sayar da shi. Bangon dai shi ne, matakalar ita ce, sai ma tsufa da suka ƙara. To me ya ninka?

Inda farashin ke fitowa

Abu na farko, mutane. Daga kusan 2011 Berlin ta riƙa ƙaruwa da mutum wajen 40,000 a kowace shekara: matasa daga Sifen da Italiya da Girka da rashin aiki ya koro, ma'aikatan kamfanonin intanet, ɗalibai, sannan 'yan gudun hijira a 2015. Gini bai bi wannan gudu ba. In tumatir ya yi tsada a bana, manoman rani za su ƙara shuka, kafin wata huɗu kwando ya faɗo. Gida ba haka yake ba. Daga samun fili zuwa izini zuwa kammala bene shekaru ake ɗauka, fili a tsakiyar gari kuwa ba a shuka shi. Su kansu mazauna birnin ba koyaushe suke son a yi ginin ba: a 2014 suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka hana a gina komai a filin tsohon tashar jirgin saman Tempelhof, makeken fili a cikin gari, don su ci gaba da shan iska da tuƙa keke a wurin.

Abu na biyu kuɗin ruwa ne, kuma shi ne wanda ɗan haya ba ya gani. Mai sayen bene don haya ba bulo yake saya ba, hayar da za ta shigo yake saya. A ce bene na kawo Yuro 100,000 a shekara. Wanda yake son ribar kashi 5 cikin ɗari zai biya miliyan 2. Idan banki ba ya ba da komai a kan ajiya, har mutum ya yarda da kashi 3, benen nan ya koma miliyan 3.3 ba tare da an taɓa ko ƙusa ba. Babban bankin Turai ya mayar da kuɗin ruwansa sifili a 2016, ya bar shi haka har 2022. Kuɗin fansho da na inshora daga ko'ina a duniya suka rasa inda za su kwanta, suka kwararo cikin gidajen Berlin. Wanda ya sayi bene da tsada kuwa ya riga ya sa ƙarin haya a lissafinsa tun kafin ya ga fuskar ɗan hayar. A nan ne maganar "kasuwa ce ta kawo haka" take da gaskiya rabi: kasuwar ce, amma wasu mutane ne a wasu ofisoshi suka yanke shawarar sayar da gidajen jiha, da hana gini, da sauke kuɗin ruwa.

A cikin shekara goma kafin dokar, hayar da ake nema a tallan gidaje ta kusa ninkawa. A Nuwamban 2019 an tallata wani gida mai ɗaki biyu a Schöneberg a kan Yuro 550, mutum fiye da 1,700 suka zo gani, aka riƙa shigar da su rukuni-rukuni.

Ba wai Jamus ba ta da dokar haya ba ne kafin nan. Tana da ita, mai ƙarfi ma. Ba a korar ɗan haya haka kawai. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku. Ga wanda yake cikin gida, ba a ƙara masa fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara uku, a biranen da ake cunkoso irin Berlin kashi 15, kuma ƙarin ba zai haura matsakaicin hayar irin gidan a garin ba. Wannan matsakaici ana samun sa a wani jadawali da hukuma ke fitarwa, Mietspiegel, wanda ya jera gidaje bisa shekarar gini, girma, unguwa da kayan da ke ciki. Mai gida da ke son ƙari sai ya rubuto takarda ya nuna layin da gidansa ya faɗa, ɗan haya kuma ya ɗauko nasa kwafin ya ce a'a, banɗakin nan ba shi da taga, a rage. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ma ta ba ɗan haya damar kai ƙara idan ƙarin ya wuce hankali, ta ce kotu ta duba hayar unguwar, sai dai babu irin wannan jadawali da alƙali zai auna da shi.

Jadawalin yana da aibinsa. Hayar da aka ƙulla ko aka sauya a 'yan shekarun baya kaɗai yake ƙirgawa (a da shekara huɗu, daga 2020 shida), ba ya sa ta tsohuwar da ta yi shekara 20 ba a taɓa ta ba. Saboda haka ƙarin bana shi ke zama hujjar ƙarin baɗi. A 2015 gwamnatin tarayya ta ƙara wani birki: sabon ɗan haya ba za a ɗora masa fiye da kashi 10 a kan jadawali ba. Amma wanda ya sha layi kafin ya samu mukulli, da wuya ya juyo ya kai mai gidan kotu.

Ƙofar da ta fi ɓata wa mutane rai ita ce ta gyaran zamani. Idan mai gida ya sa sabbin tagogi ko lif ko ya lulluɓe bango don riƙe ɗumi, doka ta ba shi dama ya ɗora kashi 11 na kuɗin a kan hayar shekara. A ce an kashe Yuro 20,000 a kan gida ɗaya: ƙarin ya zama 2,200 a shekara, wajen 183 a wata. Bayan shekara tara da 'yan watanni ɗan haya ya gama biyan tagogin, amma ƙarin yana nan har abada. An rage shi zuwa kashi 8 a 2019. Kafin nan kam, 'yan haya da yawa sun ga takardar gyara sun gane cewa takardar sallama ce. Tun a 2012 mazauna Kottbusser Tor, galibinsu iyalan Turkawa da suka yi shekaru a unguwar tun ba mai son ta, suka kafa rumfar katako a bakin titi suna zaman dirshan da shayi, kuma daga irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ne guguwar ta taso.

Dokar da abin da ta haifar

A ranar 18 ga Yunin 2019 gwamnatin SPD da Die Linke (magajiyar PDS) da jam'iyyar masu kare muhalli, ƙarƙashin magajin gari Michael Müller, ta amince da ginshiƙan dokar, wadda Katrin Lompscher mai kula da gidaje ta jagoranta. Labari ya riga ya fita, don haka ƙungiyar masu gidaje ta Haus & Grund ta yi kira ga 'ya'yanta su aika takardun ƙari kafin ranar, aka kuwa aika. Majalisa ta zartar a ƙarshen Janairun 2020, doka ta fara aiki 23 ga Fabrairu. Ta shafi gida wajen miliyan 1.5, kusan duk wanda aka gina kafin 2014. Haya za ta tsaya yadda take a 18 ga Yunin 2019 har shekara biyar. Sabon ɗan haya ba zai biya fiye da abin da wani sabon jadawali ya yanke ba, daga Yuro 3.92 zuwa 9.80 a murabba'in mita. Daga 23 ga Nuwamban 2020 kuma duk hayar da ta haura wannan iyaka da fiye da kashi 20 dole a rage ta. Tarar saɓawa tana iya kai Yuro 500,000.

Ga wanda ke riƙe da mukulli, alheri ne tsantsa. Dubban ɗaruruwan gidaje sun ga hayarsu ta sauka, kuma a shekarar korona. Amma a duba wa ya fi cin moriya. Iyakar ta dogara ne a kan shekarar gini da kayan da ke cikin gidan, unguwa ba ta sauya ta da ko Yuro ɗaya ba. Tsohon bene na kafin 1918, mai dogon rufi da daɓen katako a unguwar Prenzlauer Berg ko Charlottenburg, an yanke masa Yuro 6.45 a murabba'in mita. Irin waɗannan gidaje masu albashi mai tsoka ne ke ciki suna biyan ninkin haka, su ne suka samu ragi mafi girma. Mai zaune a benen siminti na unguwar Marzahn, wanda hayarsa dama ƙasa take, kusan babu abin da ya sauya masa. Haka nan a ɓangaren masu gida: wanda ya yi shekaru yana tatsar mutane an tsayar da shi a sama, mai sauƙin kai da bai yi ƙari ba an tsayar da shi a ƙasa. Ƙungiyoyin gidaje na gama-kai, waɗanda ba riba suke nema ba, sun fito fili sun yi adawa da dokar, suka ce da ɗan ƙarin nan suke gyara da sabon gini.

Wanda ba shi da mukulli kuwa ya shiga uku. Cibiyar binciken tattalin arziki ta DIW a Berlin ta gano cewa hayar da ake nema a gidajen da dokar ta shafa ta sauka, amma yawan gidajen da ake tallatawa ya ragu da fiye da rabi, yayin da haya ta tashi a Potsdam da sauran garuruwan kewaye. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wanda ke cikin gida mai arha ba zai tashi ba ko da ya yi masa girma. Mai gida kuma ya gwammace ya sayar, ko ya jira hukuncin kotu, ko ya ba ɗan abokinsa ba tare da talla ba. Da farashi ya daina tace mutane, sai sanayya da takardar albashi da sunan mahaifi suka koma tacewa, kuma baƙo shi ne a ƙarshen layi.

Waɗanda suka samu gida a lokacin, da yawa sun sa hannu a takarda mai farashi biyu: wanda doka ta yarda, da wani na ɓoye da za a koma masa idan kotu ta soke dokar. Gida mai murabba'in mita 60 a tsohon bene, bisa 6.45, ya kama Yuro 387 a wata. Idan na ɓoyen 12 ne, ya zama 720. Bambancin 333 ne duk wata, a wata goma bashin 3,330. Hukuma da ƙungiyar 'yan haya sun yi ta gargaɗin a ajiye rarar, amma wanda korona ta rage wa albashi ina ya ga abin ajiyewa?

'Yan majalisar tarayya 284 na jam'iyyun CDU/CSU da FDP ne suka shigar da ƙarar. Kotun ba ta ce uffan ba a kan ko ƙarin haya adalci ne ko zalunci, ko dokar ta taka haƙƙin mallaka. Hurumi kawai ta duba: tarayya ta riga ta tsara batun kuɗin haya a dokokinta, jiha ba ta da ikon kafa nata. Nan take bashi ya hau kan mutane. Kamfanin Vonovia, wani babban mai gidajen haya, ya ce ya yafe. Deutsche Wohnen ya ce a biya, ko da kaɗan-kaɗan. Gwamnatin jihar ta buɗe asusun rance ga waɗanda suka rasa yadda za su yi.

To ina adalcin yake?

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce gare mu. A hadisin Anas, kaya sun yi tsada a Madina, aka nemi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai yanke farashi, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Duk da haka wasu malamai, ciki har da na Malikiyya, sun halatta wa hukuma ta yanke idan 'yan kasuwa suka ƙuntata wa jama'a a kan abin da ba a rayuwa sai da shi, da sharaɗin a bar wa mai kaya riba ta hankali. Bambancin da suka yi, tsakanin tsadar da ƙarancin kaya ya kawo da wadda kwaɗayi ya kawo, shi ne ainihin abin da dokar Berlin ta kasa yi, don ta yi wa kowa kuɗin goro.

A ganina ƙarin haya kashi biyu ne. Akwai wanda ke bin kuɗin da mai gida ya kashe: rufi ya lalace, kuɗin magini ya tashi, darajar kuɗi ta faɗi. Hana wannan zalunci ne, kuma ƙarshensa gidan ne zai ruɓe a kan ɗan hayar. Tsohon da ya tara guminsa ya sayi gida ɗaya don ya ci hayarsa bayan ritaya ba ɗaya yake da kamfanin da ke kasuwar hannun jari ba. Akwai kuma ƙarin da ke zuwa don kawai unguwa ta yi suna. Layin jirgin ƙasa da ya sa ta yi daraja da harajin jama'a aka shimfiɗa shi. Shaguna da makarantu da zaman lafiyar da suka sa ake rububinta, mazaunan ne suka raya su. Mai gida ya kwashe wannan duka shi kaɗai, har ya kori waɗanda suka gina darajar, ban ga ta inda za a kira shi haƙƙinsa ba, ko da doka ta ba shi. Ɗan haya ba kamar mai sayen riga ba ne da zai ce ya fasa: tashi na nufin sauya wa yara makaranta, nisa da wurin aiki, rabuwa da maƙwabcin da ke duba tsohuwa. Mai gida ya san haka, kuma wani ɓangare na kowane ƙari kuɗin wannan tsoron ne.

Sai dai gardamar Berlin an yi ta ne kamar mutum biyu ne a ciki, alhali uku ne. Na ukun shi ne mai neman gida, kuma yawansa ne ke ɗaga farashin tun asali. Ba shi da ƙungiya, sau da yawa ba shi da ƙuri'a a birnin. Doka ta kwantar wa na ciki hankali, ta bar shi da ƙarancin nan, ta ma ƙara masa. Masu kare ta suna cewa hutun shekara biyar ne don a samu sararin gini, kuma an ware sabbin gidaje daga cikinta don kada a tsorata magina. Hujja ce mai ma'ana, da a ce ginin ya zo da yawan da ake buƙata.

Hukuncin bai kashe wutar ba, ya ma ƙara rura ta. Ranar 26 ga Satumban 2021 mutum fiye da miliyan ɗaya, mafi rinjayen masu ƙuri'a, suka amince da kiran a karɓe gidajen duk kamfanin da ya mallaki fiye da 3,000 a birnin, a biya shi diyya, bisa sashe na 15 na tsarin mulkin Jamus, wanda ba a taɓa aiki da shi ba. A watan nan ne jihar ta sayi gida wajen 14,750 daga Vonovia da Deutsche Wohnen a kan Yuro biliyan 2.46, kafin shekarar ta ƙare kuma Vonovia ya haɗiye Deutsche Wohnen. Ƙuri'ar ba doka ba ce, kira ne ga gwamnati ta tsara doka, kuma sabuwar magajiyar gari, Franziska Giffey ta SPD, ba ta so. Aka kafa kwamitin masana ƙarƙashin tsohuwar ministar shari'a Herta Däubler-Gmelin, wanda ya ce a Yunin 2023 abin yana yiwuwa a shari'ance, kuma diyyar tana iya gaza farashin kasuwa. Kafin rahoton ya fito mulki ya koma hannun Kai Wegner na CDU, mai adawa da karɓewar.

A gefe guda lissafin kuɗin ruwa ya juya. Daga Yulin 2022 babban bankin Turai ya shiga ɗagawa, farashin sayen gidaje ya sauka, amma haya ba ta bi shi ba, don waɗanda suka kasa ɗaukar bashin saye sun dawo layin haya, ga 'yan gudun hijirar Ukraine sun ƙaru. Kayan gini suka yi tsada, gwamnatin tarayya ta kasa cika alkawarinta na gida 400,000 a shekara, Vonovia kuma ya sanar a farkon 2023 cewa ba zai fara sabon gini ko ɗaya ba a shekarar. Masu gida da yawa sun koma ba da gida da kujeru da gado a ciki na 'yan watanni, hanyar da ke zille wa birkin 2015 cikin sauƙi. A 2025 majalisar tarayya ta tsawaita wannan birki zuwa ƙarshen 2029, gwamnatin Wegner kuma ta sake buɗe maganar gini a gefen filin Tempelhof.